Karayar Ƙugu Ga Tsofaffi: Abin Da Bincike Ya Nuna

Yaro yakan faɗo daga bisa itace ya karye a hannu, a yi masa ɗori, kafin wata biyu ya koma wasa. Tsoho kuwa, santsi kaɗan a makewayi ya isa ya karya masa ƙugu, watau wuyan ƙashin cinya inda ya shiga kwatangwalo. Irin wannan karaya ta fi ƙarfin kara da tsumman maɗori, sai aikin tiyata. Babban haɗarinta shi ne doguwar kwanciya, wadda takan jawo ciwon huhu da gyambo da daskarewar jini a jijiya. Kimanin mutum 1 cikin 4 ba ya cika shekara bayanta.

Saboda haka masana suka daɗe suna neman rigakafi. A cikin 1992 likitocin birnin Liyon na ƙasar Faransa suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da tsofaffin mata 3,270, masu kimanin shekara 84, mazauna gidajen kula da tsofaffi. Aka riƙa ba rabinsu sinadarin kalsiyam da bitamin D kullum, sauran kuwa ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan wata 18, a cikin waɗanda suka kammala shan maganin, karayar ƙugu ta ragu da kashi 43 cikin 100.

Labari ya bazu, kasuwar bitamin D ta buɗe, mai buƙata da marar buƙata kowa ya shiga sha. Sai a 2022 wani gwaji a Amurka ya rage wa wannan ɗoki ƙarfi. An bi mutum 25,871 har shekara 5, aka tarar waɗanda suka sha bitamin D sun karye daidai da waɗanda ba su sha ba. Ba saɓani ba ne tsakanin binciken biyu. Matan Faransa suna zaune a ɗaka, ba sa samun rana, abincinsu kuma ya gaza. Amurkawan kuwa galibinsu jikinsu bai rasa bitamin ɗin ba tun farko. Wannan bambanci ya shafi dattawan Hausawa mazauna Ingila, domin baƙar fata ba ta sarrafa isasshen bitamin D a ƙasar da rana ke ƙaranci, shi ya sa hukumomin lafiya na can suke shawartar masu irin wannan fata su sha shi duk shekara.

Gwajin da ya fi ban sha'awa ma ba na magani ba ne. A Ostareliya aka ɗauki gidajen tsofaffi 60, aka ƙara wa mazauna rabinsu madara da kindirmo da cuku a abinci har shekara 2. Sakamakon ya fito a 2021: karayar ƙugu ta ragu da kashi 46 cikin 100, faɗuwa kanta ta ragu da kashi 11.

To, wanda ya riga ya karye fa? Shi ne ya fi kowa kusa da karaya ta biyu, kuma shi aka fi mantawa da shi da zarar ya bar asibiti. A 2007 aka bayyana sakamakon gwajin wani magani mai suna zoledronate, wanda ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, ga mutum 2,127 da aka yi wa tiyatar ƙugu. Sabuwar karaya ta ragu da kashi 35 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 28.