Furfura da Filafili: Jawabi kan Motsa Jiki Bayan Ritaya



An ɗora mini nauyin yin magana kan lafiyar jiki bayan ritaya, kuma zan ɗauko misalina daga nesa, wato arewacin jihar Minesota ta Amurka, a kan iyakarta da Kanada. A can akwai wani daji da ake kira Boundary Waters, mai tafkuna fiye da 1,000, wanda doka ta keɓe a 1964, aka ƙara tsaurara kariyarsa a 1978. A mafi yawan tafkunan an hana jirgi mai inji. Mai son shiga sai ya ɗauki kwale-kwale da tanti da guzurin kwanaki. In tafki ya ƙare, sai ya saɓa kwale-kwalen a kafaɗa, ya bi turba cikin duwatsu da laka har ya iske wani tafkin. Duk da wannan wahala, masu furfura ba su bar wa matasa fagen ba. A wannan jiha kuma kogin Misisipi ya faro, wanda wani dattijo mai suna Dale Sanders ya tuƙa tun daga mafarinsa har teku a 2015 yana da shekara 80, ya maimaita a 2022 yana da 87.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dabarar irin waɗannan tsofaffi, domin ba su gasa da ƙuruciyarsu. Kwale-kwalen alminiyam na dā ya haura kilo 30. Yanzu sukan ɗauki wanda aka ƙera da zaren Kevlar, mai kimanin kilo 20. Kayan da saurayi zai kwashe a sawu ɗaya, dattijo kan raba shi biyu, ya je ya dawo ya sake zuwa. Sukan yada zango da wuri, kuma rigar kariya ba ta barin jikinsu a kan ruwa, abin da mu da muka sha jin labarin kifewar jirage a kogunanmu ya kamata mu lura da shi. Tuƙi da filafili yana motsa kafaɗu da baya da zuciya ba tare da ya gallabi gwiwa ba, saɓa kaya kuwa yana ƙarfafa ƙafafu.

Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai a Nijeriya zuwa 65. A inda aka aiwatar da ita, malami zai bar aji ke nan da jikin da ya tanada wa kansa tun yana ɗan arba'in. Mukan bi takardun fansho ofis-ofis, amma ƙalilan ne cikinmu suke yi wa gwiwa da zuciya irin wannan hidima. Tsayuwa gaban allo gajiya ce kawai, kada mu ƙidaya ta a motsa jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Saboda haka nake roƙon shugabanni su amince reshe ya tsayar da tattaki kowace safiyar Asabar, iyayenmu 'yan fansho a gaba, mu bi su da saurin da suka zaɓa. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita tukuna.