Taurin Ƙota da Tafiyar Ƙwallo a Wasan Golf



Batun da za mu tattauna a kansa yau ya shafi wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Wasan ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin tun zamanin Turawa akwai filayensa a Kano da Kaduna da Jos. Sandar da ake bugu da ita kashi uku ce: akwai mariƙi, akwai kai, sannan akwai doguwar ƙota wadda ta haɗa su. A kan ƙotar nan za mu tsaya, saboda wata magana da ta bazu a tsakanin masu koyo, wai gwargwadon taurin ƙota gwargwadon nisan ƙwallo, kuma wai ƙota mai laushi ta rago ce. Wannan magana ta sa mutane da yawa sun zuba kuɗinsu a kan sandar da ta fi ƙarfinsu. Nufinmu mu auna ta da ma'aunin ilmi.

Da farko dai, da itace ake yin ƙota, musamman wani icce mai ƙwari na Amurka da ake kira hikori. Da irinta Bobby Jones ya cinye manyan gasanni huɗu a 1930. To, amma icce yana murɗewa ƙwarai, kuma da wuya a sami ƙota biyu masu hali ɗaya. Hukumar wasan ta Amurka ta halatta ƙotar ƙarfe a 1924, ta Santa Andurus a Sikotilan ta bi baya a 1929, kuma a 1931 Billy Burke ya zama na farko da ya ci babbar gasar Amurka da ƙotar ƙarfe. A farkon shekarun 1970 aka shigo da ƙotar zaren kabon, wadda ta fi ƙarfe rashin nauyi nesa ba kusa ba. Ƙotar ƙarfe takan kai giram 120 ko fiye, alhali kuwa ta kabon da ake sa wa babbar sandar bugun farko takan tsaya tsakanin giram 50 da 70.

Yanzu bari mu dubi abin da ke faruwa a lokacin bugu. Idan mai wasa ya ɗaga sanda ya fara saukowa da ita, hannu ne ke gaba, kai yana baya saboda nauyinsa, sai ƙota ta lanƙwashe ta baya. Kafin a isa ga ƙwallo sai al'amarin ya juya, kai ya wuce gaba, ƙota ta lanƙwashe ta gaba, bakin kan kuma ya ɗan sunkuya ƙasa. Dalili shi ne cibiyar nauyin kan tana bayan layin ƙota da gefensa, saurin juyi kuwa yana jan ta domin ta daidaita da layin. Duk saukowar nan ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Haɗuwar kai da ƙwallo kuwa kamar rabin kashi ɗaya ce cikin dubu na daƙiƙa. Tun a 1968 Alastair Cochran da John Stobbs suka nuna cewa a wannan ɗan lokaci kan sanda tamkar sakakke yake, ƙwallo ta tashi tun kafin hannu ya ji labari. Ashe ke nan aikin ƙota yakan ƙare kafin bugu. Abin da ke kanta shi ne ta kai kan sanda ga ƙwallo da fuska a daidai.

Sai batun nisa. Abubuwa uku ne ke yanke shi: saurin da ƙwallo ta tashi da shi, da kusurwar tashinta, da yawan juyawarta a iska. In an sami bugu a tsakiyar fuska da babbar sanda, ƙwallo takan tashi da kusan ninki ɗaya da rabi na saurin kan sanda. Mutane suna tsammani ƙota mai laushi tana tsinke kamar bulala ta ƙara wannan sauri, wasu kuma suna ba mai tauri wannan daraja. Binciken da Sasho MacKenzie da Eric Sprigings na Kanada suka buga a 2009 ya nuna cewa canza taurin ƙota ba ya kawo wani bambanci na a-zo-a-gani ga saurin kan sanda. Abin da yake canzawa shi ne karkatar fuska a lokacin haɗuwa. Mai laushi ta fi lanƙwasa ta gaba, saboda haka fuska takan ƙara kallon sama, ƙwallo ta tashi sama ƙwarai da yawan juyawa. Mai tauri kuwa takan ba da tashi na ƙasa-ƙasa. To, mai sanyin bugu yana bukatar ƙwallonsa ta daɗe a iska, in ya ɗauki mai tauri sai ta faɗo da wuri. Mai zafin bugu kuma in ya ɗauki mai laushi ainun, sai ƙwallo ta haye sama kamar shirwa, iska ta cinye tafiyarta.

Dangane da saiti, lissafi kaɗan zai ishe mu. In ƙwallo ta kauce da digiri ɗaya tak daga inda aka nufa, bayan mita 200 ta yi nisan mita uku da rabi da layi. In digiri biyar ne, ya zama fiye da mita 17, watau ta bar hanya ta faɗa ciyawa ko ramin yashi. Inda fuskar sanda take kallo shi ne ke da rinjaye wajen yanke inda ƙwallo za ta dosa. Lanƙwasar ƙota ta gaba tana ɗan rufe fuskar, shi ya sa ga mai bugu da dama, wadda ta cika laushi takan kai ƙwallo hagu, wadda ta cika tauri kuma takan bar ta ta zame dama. Bugu da ƙari akwai murɗewa, wadda ake aunawa da digiri, ita ma tana da hannu a yadda mutum ke jin sanda. Wannan ji ba abin rainawa ba ne, domin wanda ya ji sanda ta yi masa gagau yakan ƙara ƙarfi ba tare da ya sani ba, garin haka sai tsarin bugunsa ya wargaje.

Masu ƙera sanduna suna sa wa ƙota harafi domin nuna taurinta: L, A, R, S da X, daga mafi laushi zuwa mafi tauri. Bisa shawarar da aka saba bayarwa, R ta dace da mai saurin kimanin mil 85 zuwa 95 a awa, S kuma daga nan zuwa kimanin mil 105, X ga wanda ya zarce haka. Ƙwararrun maza na Amurka sukan wuce mil 110, mu kuwa masu koyo akasarinmu ba mu kusa da nan. Sai dai a lura, babu wata hukuma da ta tsayar da ma'auni ɗaya ga waɗannan haruffa. S ɗin wannan kamfani yana iya zama R ɗin wancan. Saboda haka masu gyaran sanduna sukan ɗaure gindin ƙota su kaɗa bakinta, su ƙirga sau nawa take rawa a minti ɗaya. Wadda ta fi yawan rawa ita ta fi tauri. Yanke ƙota daga baki ma yana ƙara mata tauri, abin da ya kamata mai sayen sandar gwanjo ya sani, tun da harafin da ke jikinta ba zai gaya masa an taɓa yanke ta ba.

Shawararmu ga duk wanda ke shirin sayen sanda ita ce ya fara da gwaji. Ya ari sanduna biyu ko uku masu tauri daban-daban amma kusan nauyi da tsawo ɗaya, ya buga ƙwallo goma da kowace, ya auna inda suka faɗi da taku, ya rubuta. Kada ya dubi wadda ta fi nisa ita kaɗai. Ya dubi tsakaicin nisan goman, da kuma faɗin wurin da suka warwatsu. Sandar da ta tara ƙwallayenta wuri ɗaya ita ce tasa, ko da harafinta bai burge abokai ba. Ya kuma tuna cewa mutum biyu masu sauri ɗaya suna iya bambanta, domin mai fizgar sanda farat ɗaya ya fi lanƙwasa ta bisa mai saukowa da ita a natse.

'Yan'uwa, mu da muke karatun kimiyya da injiniyanci ya kamata mu riga kowa barin jita-jita mu kama awo, a filin wasa kamar yadda muke yi a ɗakin gwaji. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.  Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani.