Kafin a cire injekta a sa kafireta: jawabin magatakardan ƙungiya a taron cikar shekara

 

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, direbobinmu da yaran mota, da baƙin da suka tsallako iyaka domin taya mu murna, ina yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya maimaita mana, ya jiƙan waɗanda muka yi taron bara da su yau ba su nan.

Shugaba ya ba ni 'yan mintoci, ya ce in zaɓi magana ɗaya daga cikin littafin ƙorafi da nake riƙe da shi a ofis, wadda nake ganin za ta amfani jama'a. Ni ba bakanike ba ne, akawu ne, aikina biro da takarda. Amma duk wanda motarsa ta kwana a hanya da kayan mutane, teburina yake fara zuwa. Na lura akwai matsala guda da take yawan dawowa: mutum ya sayi mota mai injekta, ta fara ba shi wahala, sai a ba shi shawara ya sauke injin ya ɗora mai kafireta. Bayan wata biyu ko uku sai ga shi a ofis, ko da shi da direba, ko da shi da abokin haɗin jarinsa, ana neman sulhu.

Zan fara da abin da ya faru a gidanmu, don kada a ce ina ba da labarin wasu. Yayana yana da ƙaramar mota da yake jigilar kaya da ita tsakanin Maraɗi da Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya. Sai ta fara mutuwa in ta yi zafi. A bar ta ta huce, ta tashi. A yi 'yar tafiya, ta sake mutuwa. Wani bakanike ya ce masa ƙwaƙwalwar motar ce ta lalace, kuma ita injekta ba ta dace da ƙasarmu ba, a sa kafireta a huta. Yaya ya sayar da buhunan wakensa ya sayi inji. An yi aiki, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Sati na uku, suna kan hanya da kaya, yaron mota ya ji warin fetur. Da aka buɗe bonet, sai ga mai yana ambaliya daga kafireta yana ɗiga kusa da bututun hayaƙi. Allah ne kawai ya kiyaye. Daga baya wani mai gyaran waya ya duba tsohon injin da aka yar, ya ce lafiyarsa ƙalau, wata 'yar na'ura ce da ke karanta juyawar inji ta gaji, wadda kuɗinta bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

To me ya sa mutanenmu suke son kafireta? Ba wauta ba ce, akwai dalili. Iyayenmu da ke zaune a nan da Peugeot 504 suka yi kasuwanci, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe kamfanin a 1975. In ta tsaya a daji, direba ya kwance kafireta da sukuddireba, ya hura, ya wanke da fetur, ya mayar, a ci gaba da tafiya. Kowane ƙauye akwai wanda ya san ta. Tana haƙuri da man kwalba na bakin hanya. Ita kuwa injekta, in ta mutu tsakanin gari da gari, sai dai a ja ta. Wannan gaskiya ce, ba na musu.

Amma a sani, Turawa ba don ƙawa suka bar kafireta ba. Tun wajen 1993 dokar hayaƙi ta ƙasashen Turai ta sa kusan duk sabuwar motar fetur ta koma injekta. Ke nan motocin da suke shigo mana ta Kwatano da Lome, in dai ba tsofaffi ƙwarai ba, tun daga masana'anta an gina su ne a kan injekta: tankinsu, wayoyinsu, agogunan gaban direba, har da akwatin giyar wasu. Wanda ya ɗora injin kafireta a ciki, inji kaɗai ya canza, sauran jikin motar na nan yana jiran tsarin da aka cire.

Bari in bayyana bambancin yadda aka bayyana mini. Kafireta tana da ɗan kofi a cikinta da mai ke taruwa. In ya cika, akwai wata allura da ke toshe hanya. Iskar da inji ke zuƙa ita ke jan man ta ƙananan ramuka, su gauraya su shiga. Saboda haka ba ta buƙatar a turo mata mai da ƙarfi. Ita injekta kuwa, famfon lantarki ne a cikin tanki yake turo mai da ƙarfin gaske, ƙwaƙwalwar mota ta auna iska, ta auna zafin inji, ta duba hayaƙi, sannan ta fesa daidai abin da ake buƙata. A ma'aunin da makanikai ke kira bar, kafireta tana aiki ne da abin da bai kai rabin bar ba, famfon injekta kuwa yana bayar da wajen bar 3. Kusan ninki goma ke nan. Allurar kafireta ba za ta iya tare wannan ƙarfin ba. Abin da ya faru da motar yayana ke nan: an canza inji, an bar tsohon famfo.

Daga nan sai matsala ta biyu, wadda ta fi ba ni tsoro. A tsarin injekta, ƙwaƙwalwa ce take kunna famfon mai, kuma da zarar inji ya tsaya sai ta kashe shi. In an cire ta, hanya mafi sauƙi ga mai gaggawa ita ce ya haɗa wayar famfo kai tsaye da makulli. Ma'ana, in aka yi haɗari, Allah ya kiyaye, inji ya mutu, bututu ya fashe, famfo zai ci gaba da tofar da fetur muddin makulli na kunne. Mu kuwa mun san abin da muke ɗauka: atamfa daga Kantin Kwari, katifu, robobi, man gyaɗa, ga fasinja a matse.

Ta uku ita ce wuta. A yawancin motocin injekta ƙwaƙwalwa ce ke tsara lokacin da fulogi zai ba da tartsatsi, wato buji a bakin 'yan'uwanmu na Nijar. Injin kafireta yana buƙatar nasa distiributa, wanda a wancan ɓangaren ake ce wa delko, da kwayil ɗin da ya dace da shi. Wasu ma ba sa canza injin gaba ɗaya, sai su bar na asali su ɗora masa kafireta a kai, alhali injunan zamani da yawa ba su da gurbin da za a sa delko. Sai a shiga ƙirƙire-ƙirƙire da walda. A wasu motocin kuma fankar lagireto ma daga ƙwaƙwalwa take karɓar umarni. In ba a yi mata wata hanya ba, inji zai yi zafi a layin kwastan ba tare da direba ya ankara ba, don agogon zafin ma wataƙila ya daina aiki.

Ta huɗu akwatin giya ne. In motarka mai canza giya da kanta ce, kuma ta zamani, to ka manta da wannan aiki. Irin wannan akwatin yana jiran saƙo daga inji kafin ya canza. In saƙon bai zo ba, sai ya maƙale a giya ɗaya. Ko mai giyar hannu ce, sai an tabbatar bakin inji ya dace da bakin akwatin, kuloci ya zauna, ƙafafun inji sun hau gurbinsu. Inda aka yanka aka yi walda da ka, nan ne yake fara tsagewa a hanya mai gargada.

Yanzu ga lissafi, wanda shi ne fannina. Da can, lokacin da fetur ke da araha a Najeriya, mutum bai damu ba ko motarsa ta sha lita biyu fiye da ƙa'ida. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, wannan zamanin ya wuce, kuma duk wanda ke bin hanyar nan ya ji a aljihunsa. Kafireta, musamman tsohuwa da ba a saita ta da kyau ba, ta fi injekta shan mai. Mu ɗauki misali kawai. Daga Maraɗi zuwa Katsina kusan kilomita 90 ne, zuwa da dawowa 180. A ce bayan canjin motarka ta ƙara shan lita 2 a kowane kilomita 100. Kowane sawu ka yi asarar lita 3 da rabi da 'yan kai. In kana sawu uku a sati, wajen lita 11 ke nan. A sati 50, lita 550. Kowa ya buga da farashin da yake saye, ko da naira ko da sefa, ya ga ko bai isa ya gyara injekta sau da yawa ba. Ga kuma faɗuwar daraja: ranar da za ka sayar, mai saye yana buɗe bonet ya ga wayoyi a yanke an naɗe da salatif, zai rage maka kuɗi.

Sai maganar takardu, wadda ita ta fi kawo mutane ofishinmu da dare. Inji yana da lambarsa, kamar yadda jikin mota yake da tasa. Takardun mota da dama, musamman na ɓangaren Najeriya, suna ɗauke da lambar injin. Mu kuma ba kamar sauran masu mota ba ne, a sawu ɗaya muna wuce kwastan da duwan, 'yan sanda da jandarma. In jami'i ya duba ya ga lambar da ke jikin inji daban da ta takarda, yana da hujjar tsare motar har sai ka nuna inda ka samo shi. In kayanka tumatir ne ko barkono ɗanye, kafin a gama bincike sun zama shara. Mun sha wahalar rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake sha daga 2023 zuwa 2024. Waɗancan ba mu muka jawo su ba. Kada mu ƙara wa kanmu wani tsaikon da hannunmu.

Wani zai ce, to magatakarda, ka haramta ke nan? A'a. Akwai inda aikin yake da ma'ana. Motoci irin su Golf 2, Peugeot 505 da 405 sun fito iri biyu tun asali, wasu da kafireta wasu da injekta. In taka irin wannan ce, mai giyar hannu, kasuwannin ƙauye kake ci inda babu mai na'urar bincike, kuma ka samu injin gidansu ɗaya, to aikin zai iya yin kyau. Amma ka tsaya a kan bakanike ya yi abu huɗu a gabanka. Ya sa famfon da ya dace da kafireta, ko ya sa abin rage ƙarfin mai tare da bututun da ke mayar da rara cikin tanki. Ya haɗa famfon ta yadda zai mutu in inji ya mutu, da fis ɗinsa. Ya tabbatar fanka tana tashi da kanta kuma agogon zafi da fitilar baƙin mai suna aiki. Sannan ya mayar da bututun iskar da ke taimaka wa birki, don in aka manta da shi birki zai yi tauri kamar dutse. Kai kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin daga wanda ya sayar maka, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ka saya ko a ina, ka je ofishin rajistar motoci a gyara takarda kafin ka tunkari iyaka.

Amma kafin duk wannan, ina roƙon ku da abu ɗaya. Kada a yanke wa inji hukunci sai an sa masa na'urar bincike, an kuma auna ƙarfin famfo. Sau da yawa abin da ke kashe injekta a hanyoyinmu ƙanana ne: matatar mai ta toshe da dattin man kwalba, matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, waya ta saki, ko famfo ya gaji saboda kullum ana tafiya da tanki a bushe, alhali man da ke tankin ne yake sanyaya shi. In bakanike ya ce ƙwaƙwalwa ce, ka nemi na biyu ya duba. Ba raini ba ne. Makanikanmu mutanen kirki ne, da su muke cin abinci, sai dai kowa da abin da ya ƙware a kai, kuma wanda ya tashi a kan kafireta dole ita zai fi yarda da ita.

Ga masu motar haɗin gwiwa, da alhazan da suka ba direba mota yana kawo balas: kada ɗaya ya canza inji ba da sanin ɗaya ba. Ku zo ofis a rubuta, wa ya yarda, wa ya biya, ina aka kai tsohon injin da ƙwaƙwalwarsa. Kada a bar su a garejin, kuɗi ne, kuma wata rana za a iya mayar da su. Rubutun minti goma ne, ba a biyan ko sisi, ya fi zaman sulhun kwana uku. Ina kuma miƙa shawara ga shugabanni, in sun ga ya dace, mu buɗe shafi a ofis da mambobi za su riƙa rubuta masu gyaran injekta da suka gwada suka ji daɗinsu, a kowane gari da muke bi, domin wanda motarsa ta tsaya ya san wanda zai kira.

Ranka ya daɗe, na ci lokaci, a gafarce ni. In na yi kuskure a maganar inji, ga ƙwararru nan zaune, su gyara mini bayan an tashi. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya ƙara zumunci tsakanin ƙasashenmu, ya kai kowa gidansa lafiya.