Yadda Ake Yi wa Kyamara Maɓallin Nesa



An nemi mu yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu, watau yadda za a sa kyamarar zamani, irin wadda ba ta cin fim, ta ɗauki hoto ba tare da hannun mai ita ya taɓa jikinta ba, ta hanyar jona mata waya mai maɓalli a can ƙarshenta. Mai yiwuwa ne wani ya ce, mene ne abin tara jama'a a kan wannan? To, amsar tana ga yatsan ɗan Adam. Kome natsuwar mutum, sa'ad da ya danna maɓalli sai kyamara ta ɗan motsa. Da rana tsaka wannan ba wani abu ba ne, domin ƙyauren haske, watau ɗan labulen nan da ke buɗewa ya bar haske ya shiga, yakan buɗe ya rufe cikin kashi 1 bisa 500 na sakan. Amma in haske ya yi ƙaranci har ƙyauren ya bukaci rabin sakan ko sakan biyu, ɗan motsin nan ya isa ya mai da hoto dishi-dishi. Ɗalibin kimiyya da ke ɗaukar hoton ƙwayar cuta ta madubin likita ya fi kowa sanin wannan takaici, don kuwa madubin da ya girmama ƙwayar sau 400, shi ne kuma ke girmama rawar hannunsa.

Matsalar ba ta yau ba ce. Masu hoto na ƙarshen ƙarni na 19 suna riƙe wani ƙwallon roba ne mai ɗan tiyo. In sun matsa, iska ta tura ƙyaure ya buɗe, ba ya kuwa rufewa sai sun saki. Harafin B da muke gani a jikin kyamarori har yanzu, harafin farko ne na sunan wannan ƙwallo a Turanci. Daga baya aka koma ga siririyar wayar ƙarfe da ake murɗawa cikin wani rami a tsakiyar maɓalli, ta riƙa tura shi kamar yatsa. Sa'ad da lantarki ya shiga cikin kyamara kuwa, sai maɓallin ya daina tura kome. Ya zama makunni kawai, ɗan'uwan wanda ke bangon ɗakunanmu.

Wannan shi ne jigon maganarmu, muna kuwa roƙon a riƙe shi da kyau. Maɓallin ɗaukar hoto makunni biyu ne aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. In an danna rabi, na farko ya haɗu, kyamara ta saita ganinta ta auna haske. In an ƙarasa dannawa, na biyu ya haɗu, ƙyaure ya buɗe. Saboda haka wayoyi uku kaɗai ake bukata: uwar waya wadda duka biyun ke komawa gare ta, da wayar saiti, da wayar ɗauka. Ba batir, ba wani sihiri. Kyamara ba ta san ko yatsa ne ya haɗa wayoyin nan a jikinta, ko kuwa wani ne ya haɗa su yana zaune mita biyar daga nesa.

Wasu kyamarorin an yi su da soket na wannan aiki. Alal misali, Canon EOS 300D da ta fito a 2003, da ƙannenta da yawa da suka biyo baya, da akasarin na Pentax, suna karɓar kan waya mai kaurin milimita 2.5, mai kama da na iyafis amma ya fi shi siranta. Kan nan gaɓa uku gare shi. Gindinsa ne uwar waya. A haɗa shi da tsakiya, kyamara ta saita. A haɗa shi da baki, ta ɗauka. Duk mai gyaran rediyo zai haɗa wannan da makunni biyu cikin kwandon ashana kafin shayi ya huce. Sai dai kamfanoni ba su tsaya kan magana ɗaya ba. Manyan kyamarorin Nikon suna da soket mai allura 10, manyan na Canon suna da wani da ake kira N3, Panasonic kuwa ta sa tata kyamara tana gane umarni ta yawan turjiyar da wuta ta tarar cikin waya. A ganinmu yawancin wannan bambanci na ciniki ne, ba na ilimi ba, domin aikin da ake yi a ƙarshe guda ne. Ma'aikatan da ke rubuta takardar sayen kaya a ofisoshi, ya kamata su riƙa tambaya tun kafin a biya kuɗi: shin akwai soket, kuma wane iri ne?

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan kyamarori na aljihu, waɗanda ba a yi musu soket ko kaɗan ba. Kafin mutum ya ɗauki sukurudireba, lalle ne ya duba ko akwai hanya mai sauƙi. In dai rawar hannu ce kaɗai damuwarsa, agogon jinkiri na sakan 2 ko 10 da ke cikin kowace kyamara ya wadatar. In kuwa irin Canon PowerShot ce, akwai manhajar CHDK da masu sha'awa suka rubuta kyauta, wadda ake zubawa a katin ajiya, ta sa kyamara ta ɗauki hoto da zarar ta ji wutar da ba ta wuce bolt 5 ba ta shigo ta ramin USB. Sai an rasa waɗannan ne ake buɗe ciki.

To, a nan za mu ɗan dakata mu yi kashedi, da babbar murya. Cikin duk kyamara mai fitilar walƙiya akwai wani ɗan gwangwani da ake kira kafasita, wanda ke tara wuta kimanin bolt 300, yana kuma iya riƙe ta ko bayan an cire batir. Wanda ya taɓa ƙafafunsa zai sha ƙuna a yatsa, hannunsa kuma ya fizge ya tsinka abin da bai yi niyya ba. Ba a sauke wutar nan da bakin sukurudireba, don tartsatsin na iya ƙona allon wayoyi; da rizista mai turjiyar om dubu kaɗan ake janye ta sannu a hankali, sa'an nan a auna da mita a tabbatar ta ƙare. Har ila yau, tartsatsin nan da kan fito daga yatsa in mutum ya taɓa ƙofar mota lokacin hunturu, ya isa ya kashe ƙwaƙwalwar kyamara. A taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa tukuna, a kuma yi aikin inda ƙura ba ta shiga. Buɗe kyamara yana soke garantinta. Wadda kuma aka aro daga sashen karatu ko ma'aikata, amana ce, ba abin gwaji ba. A nemi tsohuwa wadda in ta mutu ba za a yi kuka ba, kada garin gyaran gira a rasa ido.

In an cire murfi, za a ga makunnin a ƙarƙashin maɓalli, ɗan mitsitsi, sau da yawa da ƙafafu huɗu. Kada a yi ka-cici-ka-cici. A ɗora mita bisa ƙafafu biyu-biyu, ana danna rabi ana danna duka, har a gane wace ce uwa, wace ce ta saiti, wace ce ta ɗauka. Sa'an nan a liƙa siraran wayoyi uku da dalma, da ƙarfe mai tsinin baki, kada a bar shi bisa allo fiye da sakan biyu ko uku, domin zafi kan ɗaga zanen tagullar da ke jiki, wanda kuwa ya ɗagu da wuya ya koma. A fito da wayoyin ta ɗan ramin da aka huda, a ƙulla su daga ciki a sa gam, yadda in an ja waya ƙullin ne zai sha wahala, ba dalmar ba. Mu dai mun fi son a dasa ƙaramin soket a jikin kyamarar, a huta da wutsiya mai reto.

Abu biyu ne kan rikita masu koyo. Wasu kyamarorin ba sa amsa wayar ɗauka sai ta saiti ta riga ta haɗuwa, sai mutum ya zaci aikinsa ne ya ɓaci. Na biyu kuwa, wanda zai jona wayar da wata na'ura mai wutarta, kamar agogon da zai riƙa ɗaukar hoton tsiro kowane minti 10, kada ya bari wutar waje ta shiga makunnin. A sa ɗan abin nan mai lamba 4N25 a tsakani, wanda ke isar da umarni da haske, ba da wuta ba.

Kada kuma a ɗora wa waya abin da ba nata ba. Yatsa kawai take wakilta, ba ta ƙara wa kyamara abin da ba a yi ta da shi ba. Yawancin manyan kyamarori iyakar ƙidayarsu sakan 30, ƙananan ma ba sa kaiwa nan. Mai harafin B ce kaɗai za a iya kulle makunninta a bar ƙyaure buɗe. Wanda ya sami irinta, ya kafa ta bisa maɗori mai ƙafa uku a daren da babu farin wata, nesa da fitilun gari, ya fuskantar da ita arewa. Duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, don haka cikin minti 20 kowane tauraro zai ja ɗan baka na digiri 5, dukansu suna kewaye tauraron arewa, wanda mai kallo daga Kano zai same shi ƙasa-ƙasa, kimanin digiri 12 bisa inda sama ta haɗu da ƙasa.

Mun zo da kyamara guda da aka riga aka buɗe aka sauke wutarta, da mita. Mai son ganin ƙafafun makunnin da idonsa ya matso gaban tebur.