Jawabin Buɗe Ɗakin Binciken Lu'u-lu'un Ƙira



Injin da muka taru domin ƙaddamarwa yau aikinsa shi ne ya matse girafayit, baƙin abin nan da ke cikin fensir, har ya koma lu'u-lu'u. Dukansu biyu kabon ne zalla, jerin ƙwayoyin zarrarsu ne ya bambanta. A ƙarƙashin ƙasa sai an nutsa kilomita 150 ko fiye kafin hakan ya faru. Mu a nan za mu nemi matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau 50,000, da zafin digiri kusan 1,500, tare da narkakken ƙarfe irin su nikel ko kobal.

Kamfanin ASEA na Suwidin ya yi nasarar wannan aiki a 1953, ya yi gum da bakinsa. A Disambar 1954 Tracy Hall na kamfanin General Electric a Amurka ya yi nasa, abokan aikinsa suka bi hanyarsa suka samu abin da ya samu. Sunansa duniya ta riƙe, kuma a ganina ta yi adalci.

Inda na fi so ku zuba ido, ya ku ɗalibai, shi ne aikin Tetsuo Irifune na Jami'ar Ehime a Japan. A 2003 shi da abokansa suka juya girafayit ya koma lu'u-lu'u kai tsaye, ba ƙarfe ko kaɗan, da matsin da ya fi ninki biyu na wanda za mu nema a nan da zafin da ya haura digiri 2,000. Lu'u-lu'un ƙasa, duk taurinsa, yana da jijiyar da in an buga yake tsagewa. Nasu kuwa dunƙule ne na ƙananan ƙwayoyi masu fuskantar ko'ina, tsaga ba ta samun hanyar bi.

Faifan da magina ke yanka tayil da dutse da shi, da haƙoran injin haƙar mai, lu'u-lu'un ƙira ne a bakinsu, mafi yawansa daga lardin Henan na ƙasar Sin.

Roƙona ga hukumar jami'a shi ne wutar lantarki tsayayya, domin in ta ɗauke ana tsakiyar matsi, samfurin ya lalace. Ku kuma ɗalibai, ku rubuta gwajin da ya ƙi kamar yadda kuke rubuta wanda ya yi, ku kuma buga sakamakonku kowa ya gani.

Da sunan Allah na buɗe wannan ɗaki. Allah Ya sa albarka.