Matar Soja Mai Bi

Wanda ya saba bin hanyar Konni zuwa Madawa ya san Galmi da abu biyu: albasa, da asibitin da mishan ta SIM ta buɗe a 1950. A inuwar asibitin nan ne 'yan tsirarun Kiristoci suka yi saiwa cikin 'yan'uwansu Musulmi, kuma kamar kowa, su ma 'ya'yansu na shiga soja.

Tun harin Tillia na Maris 2021, inda aka kashe mutum fiye da 130, duk wadda aka tura mijinta arewacin Tawa ba ta barci da ido biyu rufe. Shi mijin dai, in mai bi ne, yana da abin dogara: Karniliyus na Ayyukan Manzanni sura 10 hafsan soja ne, ya karɓi ceto, aka yi masa baftisma, babu inda aka ce ya ajiye aikinsa.

Ita fa? Masu wa'azi kan buɗe mata Karin Magana sura 31, su ce haƙuri, haƙuri. A ganina sun rage wa matar da ke cikin surar nan daraja. Wadda aka yaba a can 'yar kasuwa ce, mai sammako, mai sayen gona da guminta, mai buɗe hannu ga matalauci. Irinta ce ke ƙulla albasa a bakin titin Galmi, ta biya kuɗin makarantar yara, ta leƙa maƙwabciyarta Musulma wadda ita ma wayar mijinta ta kwana uku a kashe.