Kukan Mai Jego

Yau batun mai jego za mu yi.

Ta haihu lafiya, an sha suna, amma ga ta a bakin gado, jariri a cinya, hawaye na zuba. Don Allah kada a ce mata rashin godiya ne. Da zarar mabiyiya ta faɗo, sinadaran da suka riƙe cikin, wato estrojin da furojestaron, sai su sauka ƙasa cikin 'yan kwanaki. Ga ƙarancin jini, ga rashin barci. Wani lokacin ma tayirod ɗin wuya ne ya rikice.

Maigida, da kai nake. In kukan nan ya wuce mako biyu, kai ta asibiti. A auna jininta, a duba tayirod, a saurare ta. Akwai magani.

Mu kwana nan, a huta lafiya.